Tankin Malam

Malam, Allah ya jiƙansa, gajere ne, kuma ba ya shiri da tsani. Shi ya sa da ya haƙa burtsatse a gidanmu na Rogo, ya sa aka ɗora tankin ruwa a kan dakalin da bai wuce kafaɗarsa ba, wai don ya riƙa leƙawa. Ya kuma ja famfo ɗaya zuwa ƙofar gida, ya ce sadaka ce, kowa ya ɗiba.

Tun yana raye, da an buɗe na waje sai namu ya koma ɗigo. Yakan fito daga banɗaki da kumfa a ka yana dariya, ya ce maƙwabta sun fi shi ƙishirwa.

Bayan na fita takaba, autana Lukman ya tare da amaryarsa Bahijja a ɗakin baya, can ƙarshen bututun. Yarinyar ba ta ƙorafi, amma ina ganinta da bokiti tana bin layi a ƙofar gidan mijinta.

"Umma, toshe na wajen nan zan yi," in ji Lukman.

"Ka toshe ladan ubanka?"

"To ai ladan ya hana mu wanka."

Gaskiya ya faɗa, amma famfon nan shi ne abin da har yanzu ke isa ga Malam.

Maƙwabciyata Barira ta jiyo mu ta katanga. Washegari ta zo da ƙaninta Ɗantala mai gyaran famfo. Ya kunna injin burtsatsen, ya saurara, ya ce lafiyarsa lau. Da ya ga tankin sai ya tuntsire da dariya.

"Inna, wannan ai zaune yake kamar mai jiran tuwo! Ruwa sai ya gangaro daga sama yake ƙarfi. A ɗaga shi, a raba wa na waje bututunsa."

"Wa zai ɗaga wannan ƙato?" in ji Lukman.

Barira ta harare shi. "Mu da muke sha mana, ango. Ko ka ɗauka bakin godiya kawai gare mu?"

Maza suka kawo bulo, suka gina dakali mai tsawo kusa da tsohon. Da ya bushe, mata suka juye ruwan tankin a randuna da tukwane, har da kaskon suyar gyaɗata. Aka ɗaure tankin da igiya, ana ja ana tsokanar juna, har ya hau.

Da tankin ya cika, Barira ta buɗe na waje da gangan. Sai muka ji ihun Bahijja daga baya.

"Umma! Ruwan ya fizge mini buta!"

Na yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka ci gaba da kansu.

Tsohon dakalin na hana a rushe shi. A kansa nake shanya kuɓewa. In na tsaya kusa da shi, daidai nan kafaɗar Malam take.