Minti Biyar Ɗin da Na Ƙwato a Ogba

Ina da wani ɗan hali da matata Rifkatu ta gaji da yi min magana a kai: in ba a ce Ciyaman ba, ba na jin kiran farko. Ciyaman ɗin kuwa na masu zuwa Mas ɗin Hausa ne a cocinmu na Agege, mu wajen sittin in an haɗa da jarirai, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa takara da ni.

A shekarar dubu biyu ne 'yata Laraba, mai shekara goma sha shida, ta ce za ta bar Katolika. Wata ƙawarta ce ta kai ta wani coci mai jita da ganguna a Ikeja, ta dawo tana cewa a can ana jin Allah a jiki.

"Nan fa?" na ce.

"Nan tashi, zauna, durƙusa. Baba, tun da aka haife ni ban taɓa jin komai ba sai ciwon gwiwa."

Lokacin ana shirin babban taron matasan Katolika a wata makaranta a Ogba, wuni guda, ranar Asabar. Na ce mata ta je. In ta dawo ba ta ji komai ba, ba zan tare mata hanya ba. Na faɗi haka ne da ƙarfin zuciya don ina da shiri. Sati shida ina koya wa yaranmu wata waƙar baiko, irin ta lokacin kai sadaka gaban bagadi, da iyayenmu mata ke yi a garinmu Zonkwa, da tulu da caki, na kuma sa Laraba ta ja baki. A tunanina duk wanda ya ji tulun nan ya yi gum a ƙirjinsa bai isa ya koma wurin jita ba.

Muka sauka daga danfo, bas ɗin hayar Legas, da safe, yara goma sha huɗu, kowa cikin farar riga da aka goge. A bakin zauren akwai teburin kwamiti, da wata Madam Ogunbiyi riƙe da takardar tsarin taro. Kowace ƙungiya da aikinta. Waɗannan su yi karatu, waɗancan su yi waƙa, wasu su kai baiko. Ta bi da yatsa har ƙasan takardar.

"Yawwa, Hausa. Sannu, Malam. Yaranka get za su tsaya, su riƙa duba masu shiga."

"Ciyaman," na ce.

"To, Malam Ciyaman. Get."

"Waƙarmu fa?"

"Wace waƙa? Ai mun ce ku kun fi kowa iya gadi. Ba zagi ba ne, yabo ne."

Kunnuwana suka yi zafi. Yara goma sha huɗu da aka yi wa baftisma, bakwai a cikinsu masu hidimar bagadi, a ce su tsaya a rana suna leƙa jakar mutane! Ni ba ma Bahaushe ba ne. Bajju ne ni, a gida rabin rayuwata na yi ina gyara wa mutane wannan maganar, na zo Legas ga ni zan yi faɗa a kan Hausa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekarata goma sha tara ina gadi a wani kamfani a Ikeja, kuma tun muna shigowa na lura sakatar get ɗin nan ba ta da kyau.

Na tura yaran cikin zaure, na ce kada wanda ya je kusa da ƙofa. Ni kuma na ɗaura ɗamara. Daga Madam na je wurin sakatare, sakatare ya tura ni wurin mai gabatar da taro, shi kuma ya ce in nemi Fada. Fadan wani saurayi ne da bai girmi ƙanena na uku ba. Na same shi a bayan zaure, kusa da tankin ruwa, na fara masa tarihi tun daga zuwan Fadoji ƙasarmu a kan keke.

Wajen sha biyu aka kaɗa ƙararrawa, aka kashe lasifika. Wani ɗan agaji ya zo ya taɓa kafaɗata.

"Oga, rage murya. An fito da Jibi Mai Tsarki, Jikin Yesu, awa guda za a yi shiru ana sujada."

Na rage muryar, ban rage maganar ba. Fada yana ta duban ƙofar zauren kamar mai jin fitsari, ni kuwa na riƙe masa hannun riga. Ban sake shi ba sai da ya ce, "Baba, minti biyar, bayan abinci. Don Allah bar ni in je in durƙusa."

Na zagayo gaba ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Yara suna fitowa, ɗaruruwa, ba hayaniya, abin da ban taɓa gani a Legas ba. Laraba na zaune a kan matakala, idanunta sun yi ja.

"Wa ya taɓa ki?" na ce. "Nuna min shi. Matar nan ce ko?"

"Baba, zauna."

"Na samo mana minti biyar!"

"Baba, don Allah zauna."

Na zauna. Ta daɗe tana murza bakin ɗankwalinta.

"Ba wanda ya ce komai a ciki," ta ce. "Ina jin kwandastan danfo yana kiran Agege a titi, ina jin zufa na bin bayana, gwiwata na ciwo kamar kullum. Can sai na ji wani ya san ina wurin. Ni, ni kaina. Ban ma roƙi komai ba. Kuka kawai ya zo, na duba gefe na ga Ɗanladi na ƙungiyarmu ma yana yi, shi da ba ya kuka ko an zane shi."

"Kamar murya kika ji?"

"A'a. Ban san yadda zan faɗa maka ba. Kai kana ina?"

Na ce ina wani aiki.

Na yi murna, kada a ce ban yi ba. Amma zan faɗi gaskiya, haushi ya fi yawa. Sati shida ina fama da yaran da ba su san bambancin waƙa da ihu ba, na ɗauko tulu daga Agege a kan cinyata, na sha rana, na ja Fada da riga, sannan Ubangiji ya zaɓi ya zo daidai lokacin da nake bayan tanki. Ko ɗan aike a ce Ciyaman ya shigo babu.

Mun yi waƙarmu bayan abinci. Rabin zauren na suɗe cokali, amma sun tafa, har Madam Ogunbiyi ta taka rawa, ta ce ashe mun iya. Wannan "ashe" ɗin har yau yana maƙale a wuyana.

A danfo muna komawa na kasa haƙuri.

"To, batun cocin jita fa?"

"Ba zan je ba, Baba."

Na gyara zama, na dubi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya. A gida na ce wa Rifkatu na dawo mata da 'yarta. Ranar Lahadi na tashi a gaban jama'armu na ba da rahoton minti biyar ɗin dalla-dalla, aka yi min tafi.

Tun daga wannan rana Laraba ba ta taɓa fashin Mas ba. Na Yarbanci take zuwa, na ƙarfe shida.