Wa Ya Taɓa Layin Gado Na Tara

Wata uku muka yi muna ja-in-ja da Dogo, har masu shara sun haddace gardamarmu. Mu biyu ke kula da rumbun bayanan asibitin. Shi jonal yake so, wato na'ura ta riƙa rubuta duk abin da ya faru a wani kundi nata daban. Ni kuwa na kafe sai tiriga. Ɗana ta ake yi a kan teburin bayanai na cikin kwamfuta kamar tarkon ɓera, duk wanda ya canza layi ta kama sunansa da lokacin da abin da ke wurin a da. Na ce jonal cin wuri ne kawai. Aka bi tawa, aka kashe jonal, na yi sati ina tsokanarsa.

Ranar Talata aka ba mara lafiyar gado na tara magani ninki biyu. Allah ya tsare, bai mutu ba. Amma a kwamfuta wani ya mayar da adadin maganin daga biyar zuwa goma, kuma Yayata ce nas ɗin ɗakin. Aka ce ita ce, aka dakatar da ita.

Ta same ni a ofis, ko zama ba ta yi ba.

"Auta, kai ka ce ba mai taɓa komai a ɓoye. Fito min da sunan."

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Minti biyu."

Na buɗe teburin tarihi, inda tirigar ke ajiye sunayen. Wayam! Layin ƙarshe tun na watan jiya ne. Na duba tirigar, ashe a kashe take. Raina ya ɓaci, na juya kan Dogo.

"Haba Dogo! Don an ƙi shawararka shi ne za ka yi min zagon ƙasa?"

Dogo ya miƙa hannu. Ya jawo littafin da muke rubuta aikin yini, ya buɗe, ya turo min. Rubutuna ne, da munin nan nasa. Ranar da muke loda sunayen magunguna dubu arba'in, aikin na tafiyar hawainiya, ni na kashe tirigar da hannuna. Har na rubuta "na ɗan lokaci". Kwana ashirin da shida ke nan.

"Jonal fa?" na ce, muryata ta yi ƙasa.

"Wanne? Wanda ka binne?"

Wallahi ji na yi kamar in rotsa kwamfutar da ƙasa.

Yaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ni ban san tiriga ba, ban san jonal ba. Akwai sunan ko babu?"

"Babu."

"Shekara goma sha tara ina aikin nan, ban taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba." Ta ɗauki jakarta. "Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna. Ka zo ka faɗa musu da bakinka, in za ka iya. Umma kuwa, ce mata zan yi hutu na ɗauka."