Ranar da Malam Dauda Ya Kama Sunan Ɗansa

Tun da aka haifi Lurwanu a unguwar Misfala bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Ɗan fari ne, Malam Dauda kuwa Bazazzagi ne na ainihi, wanda ya tako da ƙafa daga Zariya har Makka, ya iso da alkunyarsa ko ƙwarzane babu. "Kai yaro" ko "wancan," iyakar kiran ke nan. Lurwanu kan yi ƙunƙuni, amma ya san ƙauna ce ke sa tsohon nauyin baki.

A shagon yadin da yake aiki kusa da Harami kuwa, sunansa Ridwan, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Da zafi ya tsananta, Yunus ɗan maigidansa ya shirya tafiyar ƙafa zuwa Ɗa'ifa ta kan Dutsen Kara, shi da abokansa, tun daga gindi har ƙarshen hanya, ba jaki ba mota. Aka gayyaci Lurwanu. Mutumin da bai taɓa wuce Arfa ba, sai ga shi yana hura hanci a unguwa.

Malam Dauda ne ya ɗauki shirin a kansa. Ya jiƙa salka har ta bar warin jima, ya mulke takalma da man shanu, ya sa Shatu, uwar yaron, ta daka garin gero da dabino. Har tsohuwar sandarsa ya sauko da ita, wadda ta ratsa Sudan da shi.

Ranar tafiya Lurwanu ya ce a haɗu a kasuwa, don ba ya so a ga gidansu. Amma Yunus ya bi tambaya har ƙofa, shi da abokan. Suka tarar da tsoho a tsugune yana ɗaure kaya, riga duk faci.

"Ya Hajji, kayan wa ne?" in ji Yunus.

Malam Dauda ya kau da kai, ya nuna ɗansa da haɓa. "Na wancan ne," ya ce da gurgun Larabcinsa.

Yunus ya tuntsire da dariya. "Ridwan, baran nan naka akwai ladabi! Ko sunanka ba ya iya kamawa. Ina ka samo shi?"

Babana ne. Abin da ya rage wa Lurwanu ya faɗa ke nan. Lurwanu ya dubi fararen rigunan abokan, ya dubi facin, bakinsa ya ce, "Ya daɗe a gidanmu."

Tsohon yana jin Larabci sarai. Ya ƙarasa ƙullinsa, ya ɗora kayan a ka, ya bi bayansu har bakin gari kamar yadda bara ke yi. Kunya ta lulluɓe Lurwanu, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau da yawa ya juya zai yi magana, sai ya ga Yunus na kallo.

A bakin gari Malam Dauda ya sauke kayan, ya miƙa wa Lurwanu sandar da hannu biyu. "Fi amanillah, ya sidi," ya ce, ban kwanan bara ga ubangidansa, yadda kowa zai ji. Sannan ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce da Hausa, "A sauka lafiya, Lurwanu."

Duk rayuwarsa yana marmarin jin sunan nan a bakin nan. Yau ya ji. Ya kuma san sarai Bazazzagi ba ya kama sunan ɗan farinsa, sai in ya daina ɗaukarsa ɗa.

"Yalla, Ridwan, mu tafi!" in ji Yunus daga gaba. Lurwanu na tsaye riƙe da sanda, ko dutse ɗaya bai hau ba.