Hannun da Bai Kai Kunne Ba

"Ɗora hannu a ka. Yawwa. Taɓo kunnenka."

Yaron ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakar kai, ya miƙe yatsu iya ƙarfinsa. Ubansa Tela na tsaye a bayansa, kamar nasa hannun ake ja. Haka ake ɗaukar yara a makarantar: duk wanda ba shi da takardar haihuwa, in ya taɓo kunnen hagu ta saman kai, ya isa shiga aji ɗaya.

Saura faɗin yatsa biyu. Yaron ya karkata wuya a ɓoye.

"A'a, maigida, ban da coge," in ji hedimasta yana murmushi. Yaran da ke layi suka ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce, "Guntu ya sake faɗuwa!"

Zuwansu na uku ke nan. Takardar yaron ta ƙone tare da shagon Tela a ƙasar da suka baro. A hanya ciwo da yunwa suka kwantar da shi wata bakwai, tun daga nan jikinsa ya ƙi gaba. Duk ranar farko ga wata Tela kan ɗauko tef ya auna hannun, daga kafaɗa zuwa yatsa. Ya daina gaya wa uwar yaron abin da tef ɗin ya nuna.

"Ranka ya daɗe," Tela ya ce a hankali, "wallahi shekararsa tara. Ni na haife shi. Dubi haƙoransa, duk ya yi famfara. Har lambobin tef yana karantawa."

Hedimasta ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya murza idanu. Ba mugun mutum ba ne. Kujera arba'in gare shi, layin kuma ya kai bakin ƙofar makaranta.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Dokar da aka aiko mana ta ce wanda ya haura takwas ba ya shiga aji ɗaya. In na rubuta tara, na rufe masa ƙofa ke nan, bana da baɗi duka. In kuwa yadda idona ke ganinsa ne, bai kai ba tukuna, sai ku dawo baɗi." Ya sake ɗaukar biron. "Shekararsa nawa?"

Tela ya dubi ƙeyar ɗansa, ya dubi siririn wuyan. Yaron bai sauke hannu ba har yanzu.

"Biyar," in ji Tela.

"Na gaba!"

Suka ratsa filin makarantar. Daga wani aji ana jiyo yara suna bin malama da ƙarfi. Yaron bai waiwaya ba. Sai da suka tsallaka titi, suka kusa shagon da Tela ke ɗinki yanzu, sannan ya ja gefen rigar ubansa.

"Baba, ba tara ba ce?"

Tela ya tsaya yana laluben mabuɗi a aljihu, ya daɗe bai same shi ba.

"In an tambaye ka, ka ce biyar."

"To baɗi fa?"

"Baɗi shida."

Yaron ya yi lissafi da yatsu. Sannan ya shiga ya ɗauki tsintsiya.