Dakalin Tsohuwar Ingila

A bayan garin Birmingham akwai wani wurin shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa, a cikinsa kuma akwai layin da ake kira Tsohuwar Ingila. Tun 1979 aka gina shi: gidajen jan bulo a jere, jan akwatin wasiƙu, fitilun titi irin na da. Amma duk fuska ce kawai. Ƙofofin ba sa buɗuwa, an kuma ƙanƙanta tagogin sama don ido ya ga kamar benen na da tsawo. Mutane sukan ratsa layin cikin minti huɗu, su ɗauki hoto, su wuce.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, masu wurin ma ba su da ƙarfin rushe layin. Sai suka sa wa ɗaliban zanen gine-gine gasa: a gyara shi yadda mutane za su riƙa tsayawa, wanda ya ci a gina nasa.

Raki, 'yar Haɗeja da ke shekararta ta ƙarshe a jami'a, ta yi wata biyu tana zane. Ba ta ma lura ba, hannunta ya sa wa kowace ƙofa dakali, kamar yadda ta tashi ta gani a gida. Malaminta ya zagaye su da jan biro.

"Wannan ba Ingila ba ce," in ji shi. "Ki cire su, ko na cire sunanki daga gasar."

"Ka ba ni sati biyu," ta ce. Ba ta goge ko ɗaya ba.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Manchester, wurin Anti Ajara, wata 'yar Ghana da ta shekara ashirin tana kula da tsofaffin Turawa a unguwar Longsight. Anti Ajara ta saurare ta tana tuƙa tuwo, ta yi dariya har ta ajiye muciya.

"Shi malamin naku a ina ya girma, a cikin lift ɗin hawa bene? Zo nan, 'yata."

Ta ja ta bakin ƙofa, ta nuna mata dutsen matakalar, wanda tsakiyarsa ta lotsa.

"Kin zaci ƙafa ce kaɗai ta cinye shi? Tsofaffina sun ba ni labari. Iyayensu mata kullum sai sun goge shi da wani farin dutse, sannan su zauna a kai su yi gulmar layi. Wadda nata bai yi fari ba, ranar ita ce abin hira."

Magana ba ta isa hujja ba, sai da hoto. Laburaren unguwar Anti Ajara kuwa ƙaramar hukuma ta rage masa ranakun buɗewa. Sau biyu Raki tana zuwa daga Birmingham ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ruwa ya jiƙa ta sharkaf. A zuwa na uku ta samu tsofaffin hotuna tara: matan Turawa da ɗankwali, zaune a bakin ƙofofinsu, yara a gindinsu. Da ta kai wa malamin, ya duba, ya yi gyaran murya, ya mayar da biron aljihu.

Ranar gasa, shugaban alƙalai shi ne Mista Bartholomew, dattijon da ya zana layin tun farko. Ya daɗe yana kallon hotunan. Raki ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mahaifiyata haka take zama," ya ce. "Na zana ƙofa goma sha shida, ban bar mata wurin zama ko ɗaya ba. Naki za mu gina. Sai dai dakalin ya yi tsawo, a rage inci huɗu."

"Inci biyu, yallaɓai," in ji Raki. "Tsofaffi ne za su zauna, kuma gwiwa ba ta son ƙasa."

Dattijon ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya shafa tasa gwiwar, ɗakin ya kaure da dariya.

"Inci biyu," ya ce wa magatakarda. "Rubuta."