Mai Zarto a Dajina

Da farko na ɗauka zarto ne. Ba na inji ba, irin na hannu da iyayenmu suke ja su biyu, gurr-gurr, a huta, a sake. Daga can ƙasan kwari ƙarar take tasowa, cikin dajina. Na taɓa matata Nidia, ta ce in kwanta, ai ni ne mutumin da ya taɓa jin kwaɗi suna kiran sunansa. Amma ita ma ba ta koma barci ba.

Dajin nan makiyayar shanuna ce a da. Da gwiwoyina suka gaza sai na sayar da shanun, gwamnati kuma ta ce in bar wurin ya koma daji, za ta riƙa biyana duk shekara. Sharaɗin ba wuya: ba sara, ba wuta, ba farauta. Malamin daji yakan zo ya zagaya da takalmansa masu tsabta. In ya ga an karya ko ɗaya, an yanke kuɗin ke nan, har wanda muka ci sai mun mayar. Da shi muke sayen shinkafa da wake da maganin Nidia.

Gari na wayewa na ɗauki adda na gangara, ina addu'a kada in tarar ɓarayin katako sun kayar min da wani babban itace. Na duba ko'ina, babu sabon kututture, babu garin katako. Dajin ya yi duhu fiye da yadda na san shi. A jikin wani itace na ga wasu furanni masu kama da kunnen jariri, har na shagala da kallonsu. A bakin rafi na ga sawun wata dabba cikin laka. Na ɗora tafin hannuna a kai, bai rufe shi ba. Sai na tuna kakana ya taɓa cewa haka damisa take kuka, kamar ana jan zarto. Ni ban taɓa ji ba, don tun kafin a haife ni aka ƙarar da su a nan. Na hau tudu ban waiwaya ba.

Ban gaya wa kowa ba. Ana nan sai ga maƙwabcina Ovidio, wanda ya riƙe 'yata ranar baftisma, bindiga a kafaɗa, karnuka a baya. Nidia ta kawo masa kofi, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce ya tsinci ragowar maraƙinsa a gindin shingenmu, an fasa masa kai, an ja shi ta wajen dajina.

"Compa, ashe kiwon kyanwa ka koma ba ka faɗa mana ba," in ji shi, fuska a ɗaure. Compa muke kiran juna tun ranar baftismar, wato kamar ɗan'uwa.

Na ce ba ni na kira ta ba. Ya ce bai zo gardama ba, hanya kawai yake so in ba shi ya shiga dajin ya harbe ta. Na ce in aka ji harbi a ciki, ko aka tsinci kwanson harsashi, ni da Nidia mun shiga uku. Ya ce wa zai kai ƙara? Na ce duk kwarin nan babu wanda bai san haushin karnukansa ba.

"Kai ana biyanka ka miƙe ƙafa a kujera, ni kuma ina ciyar maka da baƙuwa."

Na je na tsaya a ƙofar shingen, na dafa wayarsa. Da ya ture ni da na faɗi, shi ma ya sani. Karnukan suka shinshina iskar da ke fitowa daga dajin, suka ja da baya, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Ovidio ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya sauke bindigar, ya juya yana duban 'yar siririyar hanyar da ta bi gefen dajin, wadda yaran kwarin suke bi zuwa makaranta, har da jikarsa Yorleni. Nidia tana tsaye a bayana da kofin a hannu.

Ya ce a hankali, ba tare da ya dube mu ba: "To ranar da ta gaji da maruƙa fa, compa?"