Almakashin Hagu

Shekara ashirin tela yana riƙe da almakashi, bai taɓa zaton wata rana za a aiko masa da takarda daga makaranta wai 'yarsa ba ta iya yanka ba. Amma ga ta nan a kan keken ɗinkinsa, da jan biro: "Tana da ƙoƙari, sai dai aikin yanka yana ba ta wahala. A riƙa koya mata a gida."

A koya mata a gida! Sau uku ya karanta, kowane karo ransa na ƙara ɓaci. Auta, 'yarsa mai shekara shida, bahaguwa ce tun tana rarrafe. Shi ya sa a farkon zangon karatu ya karaɗe kasuwa kaf har ya samo mata ɗan almakashi na masu hagu, mai koren mariƙi. A gabansa ta yanka kifi daga ƙyalle da shi, har da jela.

Ya san dokar ajin. Duk abin da yaro ya kawo, fensir ne, gam ne, almakashi ne, a babban kwando ake juye shi, kowa ya ɗauka ya mayar. Tela bai ƙi ba, don ya san akwai yaran da ke zuwa ba ko guntun fensir. Amma ina ruwan wannan da jan biro?

"Auta, ina almakashinki?"

"Yana aji."

"To me ya hana ki yanka da shi?"

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ni fa ban iya ba. Ko na girma ba zan iya ɗinki ba." Sai a lokacin ya lura ta ɓoye hannun hagun a bayanta. Wannan ya fi takardar yi masa ciwo.

Washegari da hantsi ya rufe shago, ya bar wando biyu ba ƙugu, ya nufi makaranta da tef ɗin awo a wuya, haushi ya mantar da shi cirewa. Malamar ajin ta tare shi a bakin ƙofa, alli har a gefen mayafinta, yara arba'in suna ta hayaniya a bayanta. Suka gaisa a gajarce, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, in kowa ya ce nasa daban ne, wuni zan yi ina rabon faɗa," in ji ta. "Bara haka na sha: wannan ya ɗauke min fensir, wancan ya karya min rula. Ga kwandon nan, ka duba da kanka."

Ya duba. Fensira duk an tattaune su kamar ɓera ya kwana a ciki, gam ba murfi ya bushe ƙarau. Almakasai takwas ya ƙirga, duk na dama.

"Akwai wani kore," ya ce.

"Kore? Ayyo, wannan lalataccen." Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, an rubuta masa "Na zubarwa". Ga shi kuwa a ciki, tsakanin busasshen biro da karyayyar rula. "Duk wanda ya ɗauka sai ya kawo ƙara. Ba ya ci, tauna takarda kawai yake. Ni ma na gwada."

Tela ya ciro shi daga kwalin. "Da wane hannu kika gwada, Malama?"

Ta dubi hannunta na dama.

Ya yafito Auta, ya ba ta almakashin, ya zaro takardar jan biron daga aljihu ya miƙa mata. Yarinyar ta dubi Malama, ta dubi ubanta, sannan ta fito da hannun hagun. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, kafin a ce me ga kifi a kan tebur, rubutun Malama a cikinsa.

"Kin san yana cikin kwalin nan?" ya tambaye ta.

"Kullum ina ganinsa."

"Haba Auta! To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Malama ta ce a ajinmu ba a cewa 'nawa ne'."

Malama ta zauna a gefen tebur, kunya ta rufe ta. "Ni na faɗa. Kullum da safe ma sai mun maimaita."

Tela ya miƙa hannu zai ɗauke almakashin ya jefa a jakar 'yarsa, magana ta ƙare ke nan. Amma Malama ta riga ta juya ga ajin. "Wa kuma almakasan kwando ba sa yi masa yanka?"

Hannu uku suka tashi, duk na hagu. Wani ɗan ƙaramin yaro a benci na gaba har babban yatsansa ya yi kanta. Kafin tela ya ce uffan, Auta ta miƙa wa yaron almakashin.

Tela ya ja tsaki mai tsawo. Wato abin da ya sha rana ya nemo, yanzu layi 'yarsa za ta bi kafin ta taɓa shi. Ya laluba aljihu, ya ciro guntun jan ƙyalle, ya ɗaure a mariƙin tamau.

"Duk mai jan ƙyalle na hagu ne, Malama. Don Allah kada ya sake komawa kwalin nan. Su uku ne ko?"

"Huɗu, har da 'yarka, Malam. Ka yi haƙuri."

Ya fita yana mita, wando biyu suna jiransa kuma masu su ba su san haƙuri ba. A bakin ƙofa ya waiga. Auta ta duƙa kan yaron tana nuna masa yadda ake juya takarda ba almakashi ba, harshe tsakanin haƙora kamar yadda shi yake yi, hannun hagunta a fili a kan tebur. Da ya isa titi bai bi hanyar shago ba, ta kasuwa ya bi.